Farautar Yanyawa a Daren Ruwa a Kwarin Borrowdale

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Euston ta Landan ya nufi arewa yana sauke mutum a garin Penrith bayan kimanin awa uku. Daga nan bas ce zuwa Keswick, wanda mutanen wurin ke kira Kezik, sannan hanya ta tsuke, ta bi gefen tafkin Derwentwater, ta kutsa cikin kwarin Borrowdale tana ratsa ƙauyukan Rosthwaite da Seatoller har kwalta ta ƙare a Seathwaite. 'Yan gidajen gona ne na dutse a gindin tsaunuka, kuma daga nan masu hawa ke kama hanyar Scafell Pike, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Ingila, mita 978. Abin da ya fitar da sunan Seathwaite dai ruwan sama ne. A duk Ingila babu wurin da mutane ke zaune da ya kai shi samun ruwa, domin a shekara yakan haura milimita 3,000, wato abin da Kano za ta tara a damina uku ko huɗu. A kan hanyar Honister da ke saman Seatoller ne aka auna milimita 341 cikin awa 24 a watan Disamba na 2015, adadin da ba a taɓa aunawa a Birtaniya ba kafin nan. Matafiyin da ya zo daga ƙasar da ake jiran hadari wata bakwai zai ɗan jima kafin ya saba da wurin da ruwa ba shi da lokaci. Gansakuka ta rufe katangu, ƙoramu suna gangarowa farare daga kowane tsagi na dutse, ƙasa kuma tana nutsewa a ƙarƙashin takalmi kamar soso.

Dukiyar kwarin tumaki ce, irin da ake kira Herdwick, masu kaurin gashi da farar fuska, waɗanda ake haifa baƙaƙe su yi ta yin fari-fari da shekaru. Suna kwana a kan tsauni ba shinge, kowace tunkiya ta san yankin da uwarta ta yi kiwo, ba ta wuce shi. Sai haihuwa ta gabato, wajen watan Afirilu, ake sauko da su cikin ƙananan filayen da aka kewaye da katangun dutsen da ba a sa musu siminti ba. A nan suke haɗuwa da maƙwabciyarsu ta dare. Da yawa cikin masu fassara sukan kira dabbar nan dila, amma dila daban ne. Wannan yanyawa ce, 'yar'uwar ƙaramar yanyawar da ke haƙa rami a jigawar Damagaram da Borno, sai dai ta nan ja ce, ta fi girma, jelarta buzu-buzu da farin baki. Wayon da tatsuniyoyinmu suka ba dila malamin daji, shi Turawa suka ba ta.

Mai kwana a ɗaya daga masaukan kwarin cikin watan Fabrairu, idan ya leƙa taga bayan isha, yana iya hango haske ja ko fari yana share gefen tsauni sau ɗaya, ya mutu, can an jima ya sake bayyana a wani fili. Maharba ne. Galibi mutum biyu ne, ɗaya da fitila mai ƙarfi, ɗaya da bindiga mai dogon zango wadda aka ɗora wa madubin saiti. A bayan idon yanyawa akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, shi ya sa idan fitila ta same ta idanun sukan kama kamar garwashi. Wanda ya san maharban karkararmu masu ɗaura fitila a goshi ya san wannan dabara. Don a jawo ta kusa, sai a tsotsi bayan hannu ko a busa ɗan usur mai kwaikwayon kukan zomon da aka kama. Yanzu kuma da yawa sun koma na'urar da ke ganin zafin jiki, wadda ba ta fitar da haske sam. Daren farin wata ba ya yi musu, domin yanyawa za ta hango su daga nesa. Daren da suke so shi ne mai duhu, mai gajimare, da 'yar iska da yayyafi, kuma dalilansu masu ƙarfi ne. Jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta ƙara a ƙarƙashin sawu, sautin ruwa yana rufe motsin mutum daga kunnen da ke jin ɓera a cikin ciyawa, sannan daren danshi maras tsananin sanyi yana fito da tana, tsutsar ƙasa, zuwa saman fili. Masanin dabbobi David Macdonald na Jami'ar Oxford ya nuna tun wajen 1980 cewa a irin wannan dare yanyawa takan ɓata lokaci mai tsawo a filin kiwo tana tsintar tanar nan ɗaya bayan ɗaya. Dabbar da ke ɓuya a surƙuƙi ta fito sarari, ta sunkuyar da kai.

Ra'ayina a kan wannan sana'a ɗaya ne. A cikin duk hanyoyin da ake kashe yanyawa a tsaunukan nan, harbin dare shi ne wanda ya fi karɓar uzuri, amma uzurin nasa ya rataya ne a kan harbi guda, mai tsabta, a kan dabbar da aka gane sarai, a wurin da take ɓarna. Ruwan da ke fito da yanyawa fili shi ne kuma yake fara lalata waɗannan sharuɗɗa da zarar ya wuce yayyafi. Saboda haka ƙimar maharbin Borrowdale tana cikin sanin lokacin da ruwa ya ƙwace masa haƙƙin ɗana kunama.

Mutanen kwarin da dama ba za su yarda da rabin farko na maganar ba, kuma sun cancanci a saurare su. Tun kafin fitilar batir, da karnuka ake farautar yanyawa a nan, kuma farautar ba irin ta masu jajayen riguna a kan dawakai ba ce da ake gani a hotunan kudancin Ingila. Tsaunin ya fi ƙarfin doki. Manoma ne ke bin garken karnuka da ƙafa, kamar garken Blencathra da ke Threlkeld kusa da Keswick, kuma har yau ana ziyartar kabarin shahararren mafarauci John Peel, wanda ya rasu a 1854, a ƙauyen Caldbeck. Idan yanyawa ta addabi gona lokacin haihuwa, akan kira karnukan da asuba su ɗauki ƙanshinta daga inda ta yi kisa su bi ta har maɓoyarta. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta haramta wannan a Ingila da Wels, ta bar izinin karnuka biyu kawai su koro dabba zuwa bakin bindiga. Masu kewar tsohon tsari suna cewa kare ba ya raunata yanyawa ya bar ta, ko dai ya kama ta ko ta tsira lafiya, kuma ƙasar duwatsu da ramuka ba ta dace da fitila ba. Kwamitin da gwamnati ta naɗa ƙarƙashin Lord Burns, wanda ya miƙa rahotonsa a shekarar 2000, ya yarda da su a kan batun ƙasar, ya ce harbin fitila ya fi wuya a tuddai. Amma kwamitin ya kuma ce bin yanyawa da karnuka yana cutar da ita ƙwarai, kuma harbin fitila da bindiga mai dogon zango, idan an yi shi yadda ya kamata kuma a yanayin da ya dace, ya fi sauƙin azaba. Ina ganin hukuncin daidai ne. Dabbar da harsashi ya samu a ƙirji tana tsintar tana ba ta san an yi ba, wadda aka kora kuwa ta ɗanɗani tsoro da gajiya tun daga farkon gudu har ƙarshensa. Sai dai a lura da sharaɗin da kwamitin ya gindaya, na yanayin da ya dace. Masu harbin dare sukan riƙe rabin hukuncin da ya yabe su su manta da wannan.

Ta ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a ƙyale yanyawa kawai, kuma hujjojinsu sun fi na kowa yawan alƙaluma. A 2001 cutar ƙafa da baki ta afka wa dabbobin Birtaniya, yankin Kambiriya da Borrowdale ke ciki ya fi ko'ina jin jiki, aka dakatar da farauta da karnuka kusan shekara guda. Masana na Jami'ar Bristol suka ƙirga kashin yanyawa a wurare masu yawa kafin dakatarwar da bayanta, ba su ga yawanta ya ƙaru ba. Kafin nan, a ƙarshen shekarun 1980, an daina kashe yanyawa na 'yan shekaru a wani babban filin kiwo da ke Eriboll a arewacin Sukotilan, kuma asarar 'yan tumaki ba ta haura ba. Binciken da aka yi a wasu gonakin tudu na Sukotilan ya nuna abin da yanyawa ke kashewa bai kai biyu cikin ɗari na 'yan tumakin da aka haifa ba. Sanyi da ruwa da yunwa da rashin nonon uwa su ne manyan masu kisa, kuma sau da yawa ɗan tunkiyar da aka tsinta a bakin ramin yanyawa mushe ne ta ɗauko. Ga kuma ɗabi'ar dabbar: kowace tana da yankinta, idan aka kashe mai yanki, wata matashiya da ke yawon neman wuri takan maye gurbin cikin ɗan lokaci. Duk wanda ya karanta wannan da gaskiya dole ya yarda cewa fita kowane dare a harbe duk idon da ya haska, da sunan rage yawan yanyawa a ƙasa, aikin baban giwa ne.

Amma hujjar ta tsaya a nan, ba ta kai inda masu ita ke son kai ta ba. Biyu cikin ɗari lissafi ne na gonaki da yawa da aka haɗa aka raba. Ɓarnar yanyawa ba ta rabuwa daidai, takan taru a gona ɗaya, a mako biyu, inda wata guda ta koyi ɗauke ɗaya daga tagwaye yayin da uwar ke fama da ɗayan. Makiyayin tudu, wanda ribar shekararsa ba ta taka kara ta karya ba, ba zai biya kuɗin abincin dabbobi da matsakaicin lissafin ƙasa ba. Sannan akwai mai ƙara na uku da ba ya zuwa taro. Tsuntsun da Turawa ke kira kaliyu, mai dogayen ƙafafu da dogon baki lanƙwasasshe, a ƙasa yake ƙwai cikin ciyawar tudu, haka ma wani ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa da ke zaune a filayen. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaliyun duniya irin na Turai a Birtaniya suke hayayyafa, kuma yawansu a can ya ragu da kusan rabi tun tsakiyar shekarun 1990, har aka sa su a jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a 2015. A Otterburn da ke Northumberland an yi gwaji daga 2000 zuwa 2008, ana rage yanyawa da hankaki a wasu filaye ana barin wasu, sannan a musanya. Inda aka rage su, tsuntsayen da suka yi nasarar fitar da 'ya'ya sun ninka kusan sau uku. Gaskiya ne ƙungiyar da ta yi gwajin tana da alaƙa da masu harbin tsuntsaye, kuma gaskiya ne lalacewar mazauni ce tushen matsalar kaliyu. Duk da haka sakamakon ya tsaya, har ƙungiyoyin kare tsuntsaye ma suna harbin yanyawa a wasu gandayensu idan shinge ya gaza. Abin da shaidun ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne kisa yana amfani ne idan ƙarami ne, a wuri sananne, a lokaci sananne.

Lokacin nan kuwa shi ne ya ɗaure maharbi da ruwa. Yanyawa tana barbara tsakanin Disamba da Fabrairu, cikinta kwana hamsin da 'yan kai, ta haihu a rami a watan Maris ko Afirilu. Dokar Birtaniya ba ta ware watannin da aka hana harbinta ba, amma wanda ya harbe uwa a ƙarshen Afirilu ya bar 'ya'ya huɗu ko biyar a ƙarƙashin ƙasa su mutu da yunwa, kuma wannan azaba ta fi duk wadda aka zargi karnuka da ita. Harbin kaka kuma kusan banza ne, domin lokacin ne matasa ke watsuwa suna cike kowane gurbi. Tagar da ta rage ita ce ƙarshen hunturu, daga Janairu zuwa farkon Maris, lokacin da yawo ya lafa, haihuwa ba ta zo ba, kuma gurbin da aka buɗe yana iya zama a buɗe har tumaki su haihu tsuntsaye su yi ƙwai. A Borrowdale waɗannan watanni suna cikin mafi jiƙa da duhu a shekara. Wanda ya ce zai jira busasshen dare zai iya jira har lokacin ya wuce. Tarkon waya an haramta shi a Wels a 2023 da Sukotilan a 2024, guba kuwa haramun ce a ko'ina. Don haka ba a iya cewa kada a fita cikin ruwa. Abin tambaya shi ne wane irin ruwa.

Yayyafi mai laushi abokin aiki ne, amma da ya yi ƙarfi ko gajimare ya sauko ya kwanta a kwari, kowane ɗigo yakan zama ƙaramin madubi. Hasken fitila yana bugun ruwan ya dawo wa mai riƙe da ita, sai ya ga farin bango a gabansa, a cikin bangon kuma ɗigo biyu masu ƙyalli ba tare da jiki ba. Idon tunkiya yana ƙyalli, haka na karen makiyayi, da na barewar daji, da na wata dabba dangin dage da doka ta kare. Gilashi ma yana ƙyalli. Ƙa'idar da ƙungiyar maharba ta BASC ke koya wa mambobinta ita ce kada a taɓa harbin ido kawai sai an ga dabbar gaba ɗaya, kuma ruwa mai ƙarfi yana shafe jikin ne ya bar idon. Masu na'urar zafin jiki za su ce wannan matsalar tsohon yayi ce, amma na'urar tana da nata makantar. Idan ruwa ya jima yana zuba, dutse da ciyawa da katanga da ƙofar gona duk sukan koma sanyi ɗaya, sai hoton ya zama toka-toka, dabbar kaɗai ke haske kamar ɗigon farin fenti. Maharbi yana ganin abin da zai harba, ba ya ganin abin da ke bayansa. Harsashin irin wannan bindiga kuwa yana iya tafiyar kilomita da dama idan bai sami tudun ƙasa mai laushi da zai nutse a ciki ba, kuma a kan jiƙaƙƙen dutse ko saman ruwa yakan yi tsalle ya canja hanya. Borrowdale dutse ne da ruwa. Kuma kwarin ba kango ba ne da dare: hanyoyin ƙafa na jama'a sun ratsa gonakin, akwai masu kafa tanti a tudu, akwai kuma masu gasar hawa tsaunuka uku mafi tsawo na Sukotilan da Ingila da Wels cikin awa 24, waɗanda sau da yawa tsakar dare ke riskar su a Scafell Pike. A 2004, a yankin Devon na kudancin Ingila, yaro ɗan shekara 13 ya rasa ransa da harsashin abokan fitarsa a wajen farautar fitila. Maharban ƙasar ba su manta da wannan ba, kuma bai kamata su manta ba.

Ko an kauce wa wannan babban haɗari, akwai ƙarami da ke rushe hujjar sana'ar daga tushe. Hannu ya sandare da sanyi, madubin saiti ya yi gumi, iska tana kaɗa harsashi, nisa yana ruɗar ido. A irin wannan hali ne harsashin da aka nufa ƙirji ke samun ciki ko ƙafa. Yanyawa ta faɗa cikin duwatsu, ruwa ya wanke jinin da za a bi, ya kashe ƙanshin da kare zai ɗauka, ta kwana biyu ko uku tana mutuwa a rami. A wannan daren, masu kewar tsohon tsari da suka ce kare ba ya barin rauni su ne masu gaskiya. Fifikon da Lord Burns ya ba bindiga ya tsaya ne a kan mutuwar nan take, idan ta kuɓuce babu sauran fifiko.

Za a ce na tsananta, wai sharuɗɗan da na jera sun isa su hana kowa fita. Ban ga haka ba, domin maharban kirki na yankin suna cika su, kuma yawancin aikin da rana ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai takardar izinin bindiga daga 'yan sanda, da yardar mai gona, yakan zaga filin da hasken rana ya san inda kowace hanyar ƙafa ta bi, inda gidaje suke, da wane tudu ne zai iya karɓar harsashi. Yakan duba sawu a laka da gashin da ya maƙale a waya ya gane ta inda yanyawar ke shigowa, ya zaɓi wuri ɗaya da iska za ta riƙa busowa daga wajenta zuwa wajensa, ya auna nisan da rana, ya sanar da maƙwabta. Da dare sai ya zauna ya jira ta zo inda ya riga ya sani, a nisan da ba ya kuskure. Wanda ya yi haka, yayyafi ba ya rage masa komai. Wanda ruwa ke ruɗawa shi ne mai yawo a bayan mota daga gona zuwa gona a ƙasar da bai taka ba, yana ƙirga jela. Wani abin lura kuma, maharban da kansu suna cewa idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya yanyawa ma ba ta cika fitowa ba, takan lafe a maɓoya sai an ɗauke. Awa ɗaya ko biyu bayan tsayawar ruwa, lokacin da iska ta wanke, yunwa ta koro ta, tana kuma ta cika fili, shi ne lokacin da aka fi samunta kuma aka fi ganinta sarai. Wanda ya haƙura ya jira bai yi asarar komai ba.

Da safe bas ɗin da ke komawa Keswick yana bi ta gefen filayen da hasken ya share jiya. Kogin Derwent ya cika ya yi ruwan ƙasa, tumakin Herdwick masu ciki suna tsaye a jikin katanga suna karkaɗe ruwa daga gashinsu, ƙafafunsu sun nutse a laka. Nan da mako shida za a sauko da sauran daga tudu, kaliyun da suka yi hunturu a bakin teku kuma za su fara dawowa filayen da suka saba yin ƙwai.